Wasan Asabar a Samaru: mu duba buɗewar

Salamu alaikum ƴan uwa. Ku duba wasan ces da ƙaninmu ya buga yana riƙe da baƙaƙen ƴaƴa a gasar Samaru. Buɗewar Italiya ce, wato salon da aka fara wasan da shi: e4 e5, doki f3, doki c6, bishof c4, doki f6. Fari ya tsallako da doki g5 yana harin f7, ƙaninmu ya tura d5, daidai ne. Amma da aka ci sojan nan sai ya rama da doki. Nan aka yi ɓarin: dokin fari ya faɗa f7, sarkin ƙaninmu ya fito fili, bai ƙara samun sukuni ba. Doki a5 ya kamata, a kori bishof ɗin ko da soja ɗaya ya tafi.

Lahadi bayan La'asar za mu buga wannan matsayin. Mai allo da agogo ya taho da su, don Allah.