A kawo jirgi Mararaba tukuna kafin a fara zancen haƙa rami

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na makon jiya inda baƙinku suka yi ta sa-in-sa, ɗaya ya ce Abuja ta isa a yi mata jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na Landan da Alƙahira, ɗayan ya ce a'a ƙaramin jirgi mai bin saman ƙasa ya wadatar. Daga jin maganarsu na san ba wanda ke kwana a Mararaba a cikinsu.

Ni kullum ina sallame asuba sai bakin titi, mu cusu mu shida a tasi, biyu gaba huɗu baya, daga gadar Nyanya zuwa hawan Kugbo har shataletalen AYA da ke cikin Abuja mota sai jan ciki take, tafiyar da ranar Lahadi ba ta fi rabin awa ba ranar Litinin sai ta ci awa biyu, ga kuɗin mota ga tsoron 'yan wan-cans, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, in dare ya yi maka. Har barci mutane ke ramawa a gosulo wallahi.

Jirgin ƙasa fa muna da shi a Abuja. Buhari ya ƙaddamar a 2018, korona ta zo a 2020 aka rufe, sai Mayun 2024 Tinubu ya sake buɗewa. Na taɓa shiga, tsaf-tsaf ga sanyi. Amma ina ya nufa? Idu, filin jirgin sama, sai reshen da ya yi wajen Kubwa. Mu da muka cika Nyanya da Karu da Mararaba da Masaka ko ƙamshinsa ba mu ji ba.

Shi mai son rami, ya manta Abuja kan dutse take zaune? Kuɗin fasa kilomita ɗaya a ƙarƙashi zai shimfiɗa kilomitoci a sama. Kuma rami sai da fanka da famfon zuƙe ruwa da wuta ba yankewa, mu da babban layin wutarmu ke faɗuwa sau nawa a shekara, ni kam ba zan so a ɗauke wuta ina can ƙasa ba. Legas ma kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2 sai da ta haura shekara goma kafin a fara ɗaukar fasinja a 2023, kuma ba rami suka haƙa ba.

Na yarda mai bin saman ƙasa ma ba waliyyi ba ne, Addis Ababa sun buɗe nasu a 2015 daga baya rashin kayan gyara ya zaunar da taragai da yawa. To a saka kuɗin gyara a lissafi tun yanzu mana.

Roƙona Edita, tunda Nyanya Abuja ce Mararaba kuma Nasarawa, ku gayyato gwamnatocin ɓangarorin biyu su faɗa mana wa zai biya wane yanki. Kuma a yi shirin a gindin gadar Nyanya ƙarfe shida na safiyar Litinin.

Naku,
Mai sauraro daga Mararaba