Samosa mai laushi a gidan biki, laifin kula ne ko namu?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da ƴan uwana mata na garin Kaduna, musamman iyayen biki da masu karɓar aikin girki, tunda ga lokacin bukukuwa ya shigo, kowane Asabar da Lahadi daga Tudun Wada zuwa Unguwar Rimi, Kawo, Malali, Rigasa babu layin da ba za ka ga an kafa rumfa ba.

Maganar kayan ƙwalam ne da ake fara ajiye wa baƙi kafin babban abinci, su samosa, sifirin rol, mitfai, fanke, ƙosai, awara, ƙundu da tsire, har da waina da farfesu. An kashe kuɗi an sha wahala, wata ma ba ta runtsa ba daren jiya tana naɗin samosa, amma a ƙarshe abin da ke zuwa gaban baƙo wani abu ne mai laushi da danshi, mai ya kwanta a jikinsa, ka ɗauka yana lanƙwashewa a hannunka. Sai a ce ai sanyi ne ake yi, ko a ce kular ce ba ta da kyau an cuce mu a kasuwa. Ni dai ina ganin ba kula ba ce kuma ba hunturu ba ne, mu ne muke suya tun asuba alhali mun san sarai ba za a ci ba sai bayan la'asar.

Ku duba azumi mana. Gidan da ya fi kowane gida sakaci ma da wuya ka sha ruwa da ƙosai mai sanyi, saboda me, saboda kowa ya san minti nawa ya rage a kira magariba, uwargida ta auna lokacinta ta ɗora kasko, ana kiran sallah ana kwashewa. Amma biki fa, kati ya ce ƙarfe 2, amarya tana wajen kwalliya har ƙarfe 5, dangin ango ba su iso ba, kuma an hana a taɓa komai sai sun zauna. To wane irin mazubi ne a duniya zai riƙe miki samosa da ƙaras-ƙaras ɗinta na awa 8? Babu shi, ko a Kasuwar Sheikh Gumi ko a Dubai.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne abin da aka soya ba sanyi ne babban abokin gabansa ba, tururi ne. Kin kwashe daga mai yana zafi, ruwan da ke cikinsa yana ci gaba da fita, idan iska ta ɗauke shi ɓawon ya tsaya da ƙarfinsa, idan kuwa kika juye a kula kika danne murfi ko kika ƙulle a leda to tururin nan ba inda za shi, zai taru a murfi ya zama ruwa ya komo kan abincin. Shi ya sa za ki buɗe ki tarar da zafi kam akwai, amma na ƙasa sun jiƙe sun manne da juna. Don haka duk abin da ke da ɓawo, a tsane shi a kwando tukuna, kar a tara shi tsibi guda, a baza. Mai oben ta kunna shi can ƙasa, kamar digiri 90 zuwa 100, ta jera su a kan raga ba a kan faranti ba don iska ta bi ta ƙasa, ta ɗan bar ƙofar a sake kaɗan. Haka zai kai rabin awa zuwa awa ɗaya lafiya lau, bayan nan kuma ya fara bushewa, mitfai ya koma kamar katako. Maikurowef kuwa ki manta da shi a nan, zafi yake bayarwa amma laushi yake ƙarawa.

Na san za a ce wa yake da wutar kunna oben, ana cikin aiki za a ɗauke. Gaskiya ne. To ai iyayenmu da suke gasa kek a tukunya da yashi a ƙasa ba su jira wuta ba. Babbar tukunya, a zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu, a ɗora raga a kai, a sa garwashi kaɗan a kurfoti wanda ya riga ya ci ya yi toka-toka, a jera kaya a rufe amma a bar ɗan ƙofa a gefen murfi. Aikin ɗaya ne. Sai dai dan Allah a tsakar gida ko inda iska ke shiga, ba a cikin ɗaki a rufe taga don ana sanyi ba, gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin ta janareta da muke jin tana kashe iyali guda cikin dare.

Amma dabarar da ta fi duka ita ce kar a gama suyar. Samosa da sifirin rol ana naɗe su tun kwana biyu kafin biki a sa a firiza ɗanyu, ranar biki a ware mutum ɗaya ko biyu aikinsu kenan, kasko yana kan wuta a bayan gida, ana fitar da tire ɗaya idan ya kusa ƙarewa a sake sakawa. Dankali kuma a yi masa rabin suya da safe, kaza kuwa a dafa ta har ta nuna ciki a mayar firij ba a bari a waje ba, idan baƙi sun zauna a sake jefawa a mai mai zafi na ƴan mintuna. Ƙullun ƙosai da na fanke dama ba a maganarsu, a gaban mutane ya kamata a soya. Kuma ku duba mai tsire a tukubarsa, ba ya gasa duka ya zuba a roba, yana kafa tsinkunan ne kewaye da wuta, na ci yanzu kusa, na anjima nesa kaɗan. In akwai hali a ɗauko shi ya zo da kayansa ya zauna a ƙofar gida, kuɗin ba zai fi na asarar da ake yi ba.

Kula tana da nata aikin, ban ce a jefar ba. Waina, sinasir, alale, alkubus, dambu, duk abin da dama laushi ake so a jikinsa ita ce gidansa. Amma ko ita akwai yadda ake yi. Kafin a zuba komai a cika ta da tafasasshen ruwa a rufe kamar minti 10, a zubar a goge, saboda in kika zuba abinci a kula mai sanyi ita ce za ta fara shanye zafin. A shimfiɗa tsabtataccen tawul ko farin ƙyalle a ƙasa, wani a sama kafin murfi, shi zai tsotse gumin. A cika ta sosai, kular da aka zuba wa rabi ta fi saurin hucewa. Sannan wannan ƙatuwar kular guda ɗaya da kowa ke zuwa ya buɗe, gwaggo ta buɗe, ƙawayen amarya su buɗe, yaro ya zo ya leƙa, gara ƙanana guda huɗu ana buɗe ɗaya sai ta ƙare a taɓa ta gaba.

Su kuma waɗannan farantan ƙarfe masu murfi da ake haya, da ake kunna musu ƴar wuta a gwangwani a ƙasa, na sha ganin ana wahalar banza da su. Ba tukunyar girki ba ce, ba ta ɗumama abin da ya huce, riƙe zafi kawai take yi. Sai ka ga an zuba ruwan sanyi a farantin ƙasa, an juye farfesun da ya kwana biyu da hucewa a sama, an kunna ƴar wutar nan ana jira, har a tashi taro bai yi zafi ba. Ruwan zafi ake zubawa, abincin ma a tafasa shi a kan wuta tukuna sannan a juye, a riƙa juyawa lokaci-lokaci, a duba kar ruwan ƙasa ya ƙone. Kuma a kula da wutar, harshenta da rana kusan ba a gani, ga mayafai da manyan hannayen riga suna shawagi, ga yara, ga ledar tebur. Kar a ƙara mata mai tana ci, a kashe da murfinta tukuna.

To yanzu ga inda abin ya wuce maganar daɗin baki, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda ba zafi ba sanyi, shi ne mafi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60, don haka dafaffen abinci ko dai a riƙe shi sama da 60 ko a sa shi a firij ƙasa da 5, kuma kar ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai a waje. Hukumomin Amurka ma cewa suka yi in zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ne kawai, mu kuwa a Kaduna watan Maris da Afrilu ai kusan kullum mun wuce nan. Yanzu ku lissafa, samosa mai niƙaƙƙen nama a ciki an soya ƙarfe 6 na safe, ta zauna a kula tana hucewa a hankali, an ci ƙarfe 6 na yamma, sauran kuma an ƙulla wa mutane a leda sun kai wa yara gida sun ci da daddare ko ma washegari da shayi.

Kuma kar a ce ai za a sake ɗumamawa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta zauna da ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafi, dafin nan ko an sake tafasawa yana nan. Akwai wata kuma da ke fitowa daga hannu da hancin mutane, ita ma dafinta wuta ba ta karya shi, ga shi mu komai da hannu ake naɗewa da hannu ake rabawa. Abincin ba zai yi wari ba, ba zai canza ɗanɗano ba. Sai cikin dare a ji gida uku huɗu ana amai da gudawa, a ce sammu ne ko an yi wa biki baki, ko a ce maiƙo ne ya yi yawa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta ƙiyasta mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, 125,000 daga ciki yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, kuma nahiyarmu ta Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin abin. Ba ina cewa duk daga gidan biki ba ne, amma su wa muke kai wa ledar ragowa in ba yaran ba?

Wani abu da ke ba ni haushi kuma shi ne yadda ake haɗa tekawe. Shinkafa mai zafi, kaza, samosa, sai a ɗora kosulo mai mayonis a gefe a rufe, a jera ɗari biyu a buhu tun hantsi. Shinkafar ta jiƙa samosa, ta ɗumama mayonis, ita kanta ta huce, kowa ya cuci kowa. Mai sanyi a ware shi daban a kan ƙanƙara, mai zafi daban, a haɗa lokacin miƙawa. Haka nan in tire ya kusa ƙarewa kar a juye sabo a kan tsoho, na ƙasan nan zai iya kwana a wurin ana ta binne shi, a kawo wani tiren. Jarida kuma, ka yi haƙuri Malam Edita, a karanta ta amma a daina tsane mai da ita, tawada ba abin ci ba ce.

Masu karɓar kwangilar girki ku ma da ku nake. Akwai ɗan ma'aunin zafi da ake soka wa abinci, bai kai kuɗin kaza biyu ba, ki saya ki riƙa dubawa, abin da kika sake ɗumamawa ya kai digiri 70 har cikinsa ba gefe kawai ba. Kuma ki riƙa faɗa wa uwar biki gaskiya tun ranar ciniki, Hajiya ƙarfe nawa za a ci, ba ƙarfe nawa aka rubuta a kati ba. In ta ce ki kawo komai ƙarfe 10 na safe don hankalinta ya kwanta ki ce a'a, sunanki ne zai ɓaci ba nata ba, ba wanda zai ce amarya ta makara, cewa za a yi mai abincin ba ta iya ba.

Iyayen biki kuma ina roƙonku abu ɗaya, ku daina tsare kayan ƙwalam sai manyan baƙi sun iso. Ai dama don masu jira aka yi su. Wanda ya zo a kan lokaci a ba shi nasa da zafinsa ya ci ya sha zoɓo, waɗanda suka makara a soya musu nasu in sun zo, in mai ya ƙare kuma su ci cincin. Kuma a rage kala, uku masu zafi sun fi bakwai da suka sha gumi, wannan gasar ta wance ta yi kala takwas ni sai na yi goma ita ke sa a fara suya tun kafin asuba don kasko ɗaya ne hannu biyu ne.

Na gode Malam Edita da wannan dama, in da hali dan Allah ku nemo mana wani likita ko jami'in duba-gari ya yi mana ƙarin bayani a shafin lafiya kafin ƙarshen wata, don bukukuwan Disamba sun riga sun fara.

Taku a kullum,
Wata mai sana'ar girki, Tudun Wada, Kaduna