Idan kalsiyam ya hau a gwajin jini, dan Allah a daina cewa ba komai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu inyi magana akan wata cuta ta wasu 'yan halittu a wuya da ake kira paratayirod, mai sa kalsiyam ya hau a jini, wadda ake bari tana cin mutane a hankali shekara da shekaru alhali maganinta na nan, kuma ganota ba wani abu bane mai wuya, gwajin jini ne guda biyu kacal. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren tiyata, kuma abinda yake bani takaici shine yawancin masu wannan cutar sai ƙashi ya karye ko ƙoda ta fara lalacewa sannan suke isowa wajenmu.

A wuyan kowane mutum, a bayan glandar tayirod (gland wata 'yar halitta ce a jiki mai fitar da sinadari) wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gland yawanci guda huɗu, kowacce bata wuce ƙwayar shinkafa ba, sunansu paratayirod. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗasu da tayirod, aikinsu daban nata daban, shiyasa mutum zai iya yin gwajin tayirod ace masa lafiya lau amma cutar tana nan zaune. Aikinsu ɗaya ne tak, tsare yawan kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a jini. Idan kalsiyam yayi ƙasa sai su saki wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, da ake kira PTH, shi kuma yaje ya ɗebo kalsiyam daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar dashi a fitsari, ya kuma sa ƙoda ta kunna bitamin D dan hanji ya ƙara tsotsowa daga abinci. Da kalsiyam ya koma daidai sai suyi shiru. To wani lokacin ɗaya daga cikinsu takan yi tsiro ta girma ta daina jin tsawa, dare da rana tana ta zuba PTH ko da jini ya cika da kalsiyam, ƙashi yana ta zubewa cikin jini, ƙoda tana ta fama da tacewa. A kusan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na masu cutar gland ɗaya ce ke da laifi, sauran kuma biyu ko duka huɗun ne suka kumbura. Kuma tun kafin hankalin wani ya tashi, ba ciwon kansa (daji) bane, wadda take zama kansa bata kai 1 cikin 100 ba.

Abinda yasa take ɓuya shine alamominta duk irin waɗanda kowa zai iya ɗorawa wani abu ne. Gajiya wadda bacci baya maganinta, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, yawan ƙishirwa da tashi fitsari cikin dare, bayan gida yayi tauri, mantuwa, saurin fushi, mutum yaji komai ya fita daga ransa. Tafi kama mata, ninki biyu zuwa uku akan maza, musamman bayan al'ada ta ɗauke, to kaga mace mai shekara 55 tazo tana cewa jikina ciwo, ina mantuwa, bana bacci, me za'a ce mata in ba girma ne yazo ba? Mai yawan fitsari a gwada suga aga babu a sallameta. Mai ciwon ciki a bata maganin olsa. Mai tsakuwar ƙoda a cire tsakuwar ace ta dinga shan ruwa da yawa, bayan shekara biyu wata ta sake fitowa a sake cirewa, ba wanda ya tsaya ya tambaya wai daga ina duk wannan tsakuwar take zuwa.

Akwai wata baiwar Allah da aka kwantar mana, ta faɗi ne a tsakar ɗaki, faɗuwar da ko yaro bazai yi kuka ba, amma wuyan hannunta ya karye. 'Yarta tazo da wata tsohuwar jaka cike da takardun asibiti, ina jerasu a fayil sai naga sakamakon gwajin jini har guda uku na shekaru daban-daban, kowanne a gefen kalsiyam injin lab ya buga alamar cewa ya haura, ɗaya ma wani ya zagaye lambar da biro amma bai rubuta komai ba. Nace Mama ba'a taɓa yi miki maganar wannan ba? Tace wlh 'yata ce min akayi kaɗan ne ya hau, wai in rage shan madara. Shekarun nan duk tana ganin laifin kanta ne, ta zama raguwa, ta zama mafaɗaciya, har 'ya'yanta sun fara cewa Mama ta canza. Kuma maganar rage madarar ma ba daidai bace, dan wannan kalsiyam ɗin ba daga kofinta yake zuwa ba, daga ƙashinta ake kwasoshi, in ta ƙauracewa kalsiyam a abinci ma glandar ƙara ƙaimi zatayi.

Yadda ake ganota kuwa ba wahala. Kalsiyam na babban mutum yawanci yana tsakanin 8.5 zuwa wajen 10.2 ko 10.5 idan da mg/dL lab ɗin ke aunawa, ko kuma wajen 2.1 zuwa 2.6 idan mmol/L ne, kowane lab dai yana rubuta iyakarsa a gefen takarda. In ya wuce sai a sake gwadawa, a duba albumin, wani furotin na jini da kalsiyam ke maƙalewa a jikinsa, dan shi yakan sa lambar ta yaudari mutum, sannan a auna PTH a jini ɗaya da kalsiyam ɗin. Nan ne ake yawan yin kuskure. Sai kaga kalsiyam yana sama, PTH kuma yana cikin iyakar da aka rubuta, misali 15 zuwa 65, sai ace ai PTH lafiya lau. Ina! Lafiyayyar gland in taga kalsiyam ya hau shiru takeyi, PTH ya faɗi ƙasa sosai, dan haka in kalsiyam na sama PTH kuma yaƙi sauka to wannan kansa shaida ce. Likita zai kuma duba bitamin D da aikin ƙoda, ya tambayi magungunan da mutum ke sha, dan maganin hawan jini irin na tayazayid da kuma litiyam da ake baiwa wasu masu larurar ƙwaƙwalwa suna ɗaga kalsiyam. Akan sa a tara fitsarin awa 24 a auna, saboda akwai wata larura ta gado da mutum ke rayuwa da kalsiyam a ɗan sama tun haihuwa, fitsarinsa kuma kalsiyam kaɗan ne a ciki, shi wannan ba'a yi masa tiyata dan ba abinda zata ƙara masa.

Sai maganar hoto, wadda ita ma nake so mutane su gane. Sikanin wuya, ko hoton sestamibi da ake ɗauka bayan anyi allurar wani sinadari, ko siti sikan, duk ba dan a tabbatar da cutar akeyinsu ba, jini ne ke tabbatarwa. Hoto dan likitan tiyata yasan ta wane gefe zai shiga ne. Na sha ganin wanda aka cewa hoto bai nuna komai ba dan haka baka da ita, ya koma gida ya zauna. Abu ne ƙarami wanda ke ɓoye a bayan wata gland, wani lokacin ma ba'a wuyan yake ba, ya gangara cikin ƙirji, to dan hoto bai kamashi ba sai ace babu shi?

Wannan ɓuyan nata ba yau ta fara ba. Sai a 1880 wani ɗalibin likitanci a Uppsala ta ƙasar Siwidin, Ivar Sandström, ya bayyana waɗannan gland ɗin a jikin mutum, kuma ba wanda ya damu da aikinsa a lokacin. A 1925 Felix Mandl yayi tiyatar farko ta cire irin wannan tsiron a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, akan wani kwandastan jirgin cikin gari da ƙasusuwansa suka lalace. A Amurka kuma akwai wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, Charles Martell, wanda ƙashinsa yayi ta karyewa har tsawonsa ya ragu, aka buɗe wuyansa sau shida ba'a samu komai ba, sai a aiki na bakwai a 1932 aka sameta a cikin ƙirjinsa, amma lokacin ƙodarsa ta riga ta jigata, bai daɗe ba ya rasu. Daga shekarun 1970 da injinan lab suka fara auna kalsiyam tare da sauran gwaje-gwaje ne aka gane ashe cutar tana da yawa, aka fara kamata tun mutum yana tafiya da ƙafarsa. Wato injin yana yin nasa, mu ne bama karantawa.

Maganin da ke rabaka da ita gaba ɗaya tiyata ce. Duk wanda ta riga ta bashi tsakuwar ƙoda ko karaya ba wani jira. Wanda kuma yake ganin baya jin komai, likitoci suna bada shawarar ayi aikin idan bai kai shekara 50 ba, ko kalsiyam ɗinsa ya haura iyaka da fiye da 1 mg/dL, ko gwajin ƙarfin ƙashi ya nuna -2.5 ko ƙasa da haka, ko lambar gwajin aikin ƙoda ta sauka ƙasa da 60, ko hoto ya nuna tsakuwa ko wani ƙashin baya ya lotsa bai sani ba. A gwajin ƙashin nan a tabbatar an haɗa da damtsen hannu kusa da wuyan hannu, ba ƙugu da baya kawai ba, dan irin wannan ƙashin cutar tafi ci. Ni dai a nawa ganin wannan kalmar ta baya jin komai a dinga yi mata taka-tsantsan, dan na sha jin wanda bayan aiki yace ashe da ba lafiya ce dani ba, na saba ne kawai.

Aikin kansa in an san inda tsiron yake ɗan yanka ne ƙarami a gaban wuya, sau da yawa mutum kwana ɗaya yake ko ma ya tafi gida a ranar. PTH baya daɗewa a jini, cikin 'yan mintuna rabinsa ke ɓacewa, shiyasa a inda suke da kayan aiki akan aunashi ana tsakiyar tiyata, in ya faɗi da fiye da rabi minti 10 bayan an cire glandar to an cire mai laifin, in yaƙi faɗuwa akwai wata, a cigaba da nema. In duka huɗun ne akan cire uku da rabi a bar rabi. A hannun wanda ya saba da aikin, sama da 95 cikin 100 suna warkewa. Kuma wannan sabon shine magana, dan Allah kar kunya ta hana mara lafiya tambayar likita sau nawa yake irin wannan aikin, saboda jijiyar murya a nan kusa take wucewa, in aka taɓata murya na iya dishewa, kuma sake buɗe wuyan da aka taɓa yiwa aiki yafi na farko wahala nesa ba kusa ba.

Bayan aiki mu namu idon akan kalsiyam yake, dan yanzu kuma ƙasa yake yi, sauran gland ukun sun daɗe suna bacci basu gama farkawa ba, ƙashin da aka daɗe ana kwasa kuma ya fara zuƙe kalsiyam daga jini da ƙarfi. Da safe zaka ganni a bakin gado ina tambaya, Mama kina jin leɓɓanki ko yatsunki suna wani zir-zir? Sai in ɗan ƙwanƙwasa mata kunci a gaban kunne in kalli gefen bakinta, in ya motsa to alama ce mai yiwuwa kalsiyam ya sauka, a bata ƙwayar kalsiyam da bitamin D, yawanci cikin kwanaki ko 'yan makonni ya daidaita. Wanda bazai iya ɗaukar tiyata ba akwai magani irin sinakalset da ke sauke kalsiyam, sai dai baya gyara ƙashi kuma tsiron yana nan. Masu ciwon ƙoda da ke wankin ƙoda da masu ƙarancin bitamin D suma PTH ɗinsu yakan hau, amma nasu daban ne, glandar tana ƙoƙarin cike giɓi ne, kuma da magani ake fara bi. In kuma matashi ne ya kamu, ko mutum biyu a gida ɗaya, to a binciki dangi dan akwai nau'in da ake gado.

Roƙona gareka Malam Edita, ka gayyato likitan homon ko likitan tiyatar wuya ya amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya. 'Yan uwana ma'aikatan lafiya kuma, duk wanda yazo da tsakuwar ƙoda ko ya karye a faɗuwar da bata kai ta kawo ba, a auna masa kalsiyam kafin a sallameshi. Masu karatu kuwa ku ɗauko tsofaffin takardun gwajin iyayenku ku duba layin kalsiyam, in akwai alama a gefe ku koma dasu asibiti ku nemi a sake gwadawa tare da PTH. Wanda aka riga aka yiwa aikin shima ya koma a auna masa bayan wata 6, dan a nan ne ake tabbatar da cewa ya warke.

Na gode, wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya