Kafin ki rataya zane ko ɗaya

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya, an fara yankan shinkafa. Ƙaninki ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya karanta mini saƙonki cewa a gidan tarihin da kike aiki an ba ki ɗaki guda ki shirya baje kolin kayan rini da saƙa. Innarki har da guɗa. Ni ma na yi murna, sai dai na kwana ina tunani, don abin da za ki saka a gilashi shi ne abin da ya ciyar da gidanmu tun kafin a haife ni.

Shekarun baya na taɓa shiga wani gidan tarihi, na tarar da turkuɗi a rataye, an rubuta a ƙasansa wai "tufafin gargajiya". Shi ke nan. Ba sunan gari, ba wanda ya saƙa, ba wanda ya rina. Raina ya ɓaci har na rasa ta cewa. Zanen nan ya bi ta hannun mutum nawa? Mace ta kaɗa zaren da mazari, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma a karofi, sannan mabugi ya zuba shuni ya yi ta bugu har ya ɗauki ƙyalli. Buzaye daga Agadas suka san darajarsa, har rawanin ma ɗan Kura ake ce masa, da sunan garinmu. Ki rubuta wannan duka. In kin san sunan mai aikin ki saka, in ba ki sani ba ki saka garinsa. Kuma ki fara da Hausa, kafin Turanci. In da fili ki ƙara ajami, don tsofaffi irina mu ma mu karanta da kanmu.

Na san littattafanku za su gaya miki Bature Barth ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin cinikin tufafinmu, da cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Gaskiya ne, ki saka. Amma littafi ba zai nuna miki yadda ake gane baba, ganyen da ake rini da shi, ya nuna ba. Wannan sai kin zauna a bakin karofi, kin ga kumfa, kin ji wari, kin ga zane ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabanki. Ki je Ƙofar Mata, ki zo nan Kura. Ki durƙusa ki gai da marina, kada ki fara da fito da takarda da biro. Ki tambaye su mene ne katsi, yaya ake haɗa laso da ake shafe ramin da shi, me ya sa wani karofin ke mutuwa. In sun yarda ki naɗi muryarsu, don waɗanda suka san abin nan sosai ƙarewa suke yi.

Sai maganar aro. Mutane za su ba ki kayan kakanninsu don sun san ɗiyar wane ce ke. Kome kika karɓa, ko ƙoshiyar saƙa ce, a rubuta: na wane ne, aro ne ko kyauta, yaushe za a mayar, a sa hannu, shi ma mai kayan ya riƙe tasa takardar. Wanda ya ce ba zai bayar ba, ki yi godiya ki tashi. Kin fi ni sanin yadda sojojin Ingila suka kwashe kayan Benin a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara mayar da nata kason. Kada a ƙauyenmu a ce 'yata ta yi ƙaramin irin wannan.

Ajiya kuwa, ba sai na koya miki ba, amma rana tana cin launi, laimar damina tana kawo fumfuna, asu da gara ba su san tarihi ba. Kada ki bar zane a ninke wuri ɗaya shekara da shekaru, nan zai karye. Kuma ki ware ƙyalle ɗaya wanda 'yan makaranta za su taɓa, shuni ya ɗan ɓata musu yatsa. Yaro ba ya manta abin da ya bar masa alama a hannu.

Muciyar kakanki da yake motsa karofi da ita tana nan a rumbu, da rawaninsa guda. Innarki ta ce a ba ki, na ce sai kin zo da kanki da takardar aro, kamar kowa. Ki zo bayan an gama sussuka, ki taho mata da man zafi, gwiwar ta sake tashi.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
daga Kura