Zuwa ga Abba, a Gwagwalada

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya karatu? Innarka da sauƙi, sai dai ƙafar nan in sanyin Jos ya sauko.

Baffanka ya zo shago ranar Asabar, ko zama bai yi ba ya miƙo mini wayarsa. Na karanta rubuce-rubucenka, na kuma ji yadda ka tsayar da malami ana tsakiyar karatu kana neman hujja. Wannan ne ya tayar masa da hankali. Ni bai dame ni can ba. A garin nan aka kafa Izala a 1978, kuma a kan "ina hujja?" aka yi ta fafatawa, ka san abin da ya shiga tsakanina da kakanka saboda ita. Imamu Malik ma ya ce maganar kowa ana iya karɓa ana iya mayarwa, ban da ta Manzon Allah (SAW). Amma shi Imamu Malik sai da ya sha karatu ya ƙoshi. Kai littafi nawa ka sauke? Rabin abin da kake kira ra'ayinka, yaran shagona sun riga sun jiyo shi a TikTok.

Wanda ya hana ni barci shi ne rubutun nan naka a kan gwamnati, ga sunanka, ga hotonka, ga sunan makarantarku a sama. Ka manta zanga-zangar Agustan 2024? Yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna sun kusa wata uku a tsare, aka kai su kotu a Abuja cikin Nuwamba, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Wa na sani a Abuja, Abba? In aka zo da dare aka tafi da kai, ƙofar wa zan buga? Wane ofis zan fara zuwa, da wace takarda?

Kuma wai tsoro ne ya kashe mutanen zamaninmu. Haka ka rubuta, duniya ta karanta. A Nuwamban 2008, da zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya rikiɗe ya zama wuta, a wuyana na saɓa ka, hayaƙi ya rufe unguwa, kana kukan takalminka da ya faɗi. Kada ka sake kiran ubanka matsoraci.

Ban ce ka ɗinke bakinka ba, ban haife ka don ka zama ɗan amshin Shata ba. Malam Aminu Kano ya ja da sarakuna da Turawa, amma da iliminsa a hannu da jam'iyyar NEPU a bayansa, kuma duk da haka mutanensa sun sha ɗauri. Ka gama digirin nan tukuna. Ka goge rubutun. Malamin kuma ka same shi a gida, ka gaishe shi, ka sake yi masa tambayarka ku biyu.

Na ba direba dankali ya kawo maka. Ka kira Innarka, ban gaya mata komai ba.

Mahaifinka,
Unguwar Rogo, Jos