Namu da suka tafi yaƙin Hitila fa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Alhamis a kan sojan nan na Amurka da ya ɓata a yaƙin Koriya, aka gano ƙasusuwansa bayan shekara 70 da ɗoriya. Kun yabi ɗakin bincikensu na Hawayi har kun gaji, mai gabatarwa yana ta cewa wannan aiki sai Bature. Na kasa kunne har ƙarshe ina jiran ku ambaci namu. Shiru.

Kawun innata yana saurayi aka ɗebe shi daga nan Damagaram, ɗibar soja ta dole, lokacin yaƙin Hitila. Tun da ya fita ba wasiƙa, ba gawa, ko hularsa ba a kawo ba. Matarsa ta yi zaman jira shekara huɗu kamar yadda malamai suka ce, ta yi takaba, aka aurar da ita. Kakata kuwa, ƙanwarsa, ba ta taɓa yarda ya mutu ba. Duk tsohon sojan da ta ji ya dawo, sai ta ɗauki goro ta je ta tambaye shi ko ya ga yayanta. Har Allah ya karɓi ranta ba ta bari a yi masa sadakar mamaci ba. Ina yaro ina yi mata dariya, Allah ya yafe mini.

Baƙaƙen sojojin da aka ɗiba, Faransa duk 'yan Senegal take kiransu, ko daga Damagaram ka fito ko daga Gure. A Chasselay, kusa da Liyon, akwai maƙabartar baƙaƙen sojojin da Jamusawa suka kashe a 1940, wasu kaburburan ko suna babu. A Thiaroye, wajen Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa da kansu suka buɗe wa waɗanda suka dawo wuta don sun nemi kuɗinsu, aka ce wai 35 ne suka mutu. Senegal ta fara tonon kaburbura a can. Wannan bai isa labari ba a wurinku?

Likitan da kuka gayyato ya ce akwai ƙwayar halitta da ake gada ta wajen uwa kaɗai. To ni ɗan 'yar ƙanwarsa ne, ke nan abin yana jikina. Ina zan kai yawuna ko jinina a auna? Wane ofishi ke riƙe da sunayen waɗanda aka ɗiba daga nan? Abin da ya kamata ku tambaye shi ke nan, sai kuka ɓata lokaci a kan tutar da aka lulluɓe akwatin gawa da ita.

Sannan wannan lambar da kuke cewa a kira, sau shida na gwada a daren nan, kuɗin wayata suka tafi ba wanda ya ɗauka. In 'yan Yamai kaɗai kuke son ji, ku faɗa mana mu huta.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram.