A koya wa yaran Fiji waƙar meke kafin rawarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan meke, rawar gargajiyar mutanen Fiji, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, da yadda ake koyar da ita a inda suka yi ƙaura: Ostiraliya, Niyu Zilan, Kalifoniya, da Birtaniya inda da yawansu ke aikin soja. Duk 10 ga Oktoba, ranar da ƙasarsu ta sami 'yanci a 1970, yaransu kan fito fili su taka. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa sautin da aka ɗauka ake kunna musu a lasifika.

Meke ƙungiya biyu ce. Akwai waɗanda ake kira matana, wato masu rawa, akwai kuma vakatara, waɗanda ke zaune a ƙasa suna waƙa da kiɗa. Motsin hannu kalmomin waƙar yake bi, don haka yaron da bai san abin da ake faɗa ba ƙirga kawai yake yi a zuci. Da ya kuskure sau ɗaya ya ɓata, domin lasifika ba ta jiran kowa.

Malami ya fara da baki. Yaron da ya tashi da Turanci rubutun ne ke fara yaudararsa: a harshen Fiji b ana furta ta mb, d kuwa nd, q kamar ngg. A rera masa layi ya maimaita, a fassara masa, takarda ta biyo baya. Daga nan sai cobo, tafin da ake yi da hannu a ƙoƙe, mai amo mai zurfi. Wanda ya baje tafin hannu nan take za a ji shi daban. Sannan lali, gangar itace, da derua, gorar da ake buga gindinta a ƙasa. Gora kan tsage a ɗakin da ake ɗumamawa lokacin sanyi saboda bushewar iska, gara a ajiye ta nesa da na'urar ɗumi.

Rawar ma a fara da vakamalolo, wadda ake yi a zaune, don ido ya koyi daidaita hannu da na kusa. Seasea ta mata da wesi ta maza masu mashi su jira sai sahu ya daidaita. Masi, tufar ɓawon itace, a naɗe ta kamar tabarma, kada a ninke, domin wurin ninkin ne ke karyewa, kuma damshi na sa ta fumfuna.

Kowace meke tana da ƙauyenta da daunivucu, wanda ya tsara ta. Bai dace a kwashe ta daga bidiyo ba tare da neman izinin masu ita ba, kuma hanyar nema a al'adarsu ita ce a kai musu saiwar yaqona, tsiron da suke haɗa abin shansu na gargajiya da shi. Ranka ya daɗe, duk ranar da za ku watsa meke, ku ambaci ƙauyen da ta fito.

Naka,
Wani mai sauraro